An ba ni aiki a otal ɗin gidan cacar 'yan asalin Amurka, ina neman haske

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Oklahoma, an ɗauke ni gyaran kwamfuta a otal ɗin wani gidan caca na ƙabilar 'yan asalin ƙasar. Ba ruwana da teburin karta, amma fom ɗin da suka miƙo mini ya ɗaure mini kai: duk inda na zauna da inda na yi aiki shekara 5 baya, sunayen mutum 3 da suka san halina, ga dangwala yatsa. Shekara 2 daga ciki a gida na yi su, a shagon kawuna, babu wata takarda. In tsallake wurin? Sannan Juma'a, dole ne su sake ni in je masallaci?

Maman Haidar:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, don Allah kada ka tsallake komai. Rubuta shagon kawun naka da garin, yadda abin yake. Lasisin aikin da ake cika fom ɗin dominsa daga hukumar caca ta ƙabilar yake fitowa, ba daga manajan da ya ɗauke ka ba, kuma yatsan naka har FBI ake duba shi. Tun dokar 1988 da ta kafa NIGC, hukumar tarayya mai sa ido kan cacar ƙabilun nan, ake wannan tantancewa, kuma mai taɓa kwamfutocinsu ba ƙaramin ma'aikaci ba ne a wurinsu. Tsohon laifi ƙarami sukan saurari bayani. Ɓoyewa ce ba sa yafewa, in aka janye lasisi kuwa aikin ya tafi.

Batun Juma'a shi ne mai nauyi. Dokar 1964 da ta hana nuna bambancin addini a wurin aiki ba ta lissafa ƙabilun nan cikin masu ɗaukar aikin da ta hau kansu ba, domin kowace ƙabila gwamnati ce mai cin gashin kanta. In rigima ta taso, galibi dokarsu da kotunsu za ka tarar. Ni na yi aikin kicin a irin wurin, kuma kafin in sa hannu sai da aka rubuta mini cewa zan ɗaura kallabina ƙarƙashin hular aiki. Kai ma a rubuta maka awannin Juma'arka yanzu, tun suna lallaɓarka.

Malam na Bronx:
In suka ce za su matsar da kai wurin kuɗi, ka san kayan da za ka ɗauka. Tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000 daga mutum ɗaya a yini, dole a cika rahoto zuwa FinCEN, hukumar gwamnatin Amurka mai bin diddigin laifukan kuɗi. Abin da aka yi zargi a kansa, daga dala 5,000 ake kai rahoto, kuma doka ta hana ka ko ƙyafta wa mai kuɗin ido don ya gane an kai rahotonsa.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai, albashin daga ina yake fitowa? Je ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa, ka faɗa masa aikin dalla-dalla.

Ɗan Damagaram:
Na gode Yaya, na gode Malam. Gobe bayan Magariba zan ga limaminmu. Fom ɗin kuma na cika shi da shagon kawu a ciki, sai na ji amsarsa zan miƙa.