Haɗe rumbunan bayanan gidaje: shawarwarin dillalai

Wani abin da ke damun dillalan gidaje a Amurka shi ne biyan kuɗin rajista a rumbunan MLS (rumbunan da dillalai ke saka bayanan gidajen sayarwa) biyu ko uku, da shigar da gida ɗaya sau da yawa. Shi ya sa dillalai ke ba da shawarwari kan haɗe rumbunan. Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a fara daidaita bayanai bisa ma'aunin RESO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bayanan gidaje, kafin a haɗe rumbunan, don kada gidan da aka sayar a nan ya ci gaba da fitowa a kasuwa a can. An kawo misalin Bright MLS, wanda haɗewar rumbunan MRIS da TREND da wasu ta haifar a 2017. Ƙananan ƙungiyoyin dillalai kuwa sun dage a ba su kujera a kwamitin gudanar da rumbun da za a haɗe tun farko, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin manyan birane kan danne muryarsu.