Waɗanda suka rabu ta hanyar sasanci a Ingila, da gaske kuɗin ya fi sauƙi?

Maman Ilham, Manchester: Salamu alaikum 'yan'uwa. Zama ya ƙi tsakanina da baban yara, mun yarda mu rabu. Wata lauya ta ba ni shawarar sasanci: kowa ya ɗauki lauyansa, mu huɗu mu zauna teburi ɗaya mu daidaita kan gida da yara, ba sai an je gaban alƙali ba. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar ya gaya mini gaskiya.

Anti Talatu, Leeds: 'Yata, ni kotu na bi, ki ji daga bakin wadda ta ɗanɗana. Lauyoyin nan da minti shida-shida suke lissafi. Ko imel mai layi biyu na tura, sai na gan shi a takardar biya. Lauyansa ya rubuto, tawa ta karanta, kuɗi. Ta amsa, kuɗi. Sai da muka yi wata uku ana musayar wasiƙu kan kujerun falo da firiji, ranar da na zauna da biro na ga kuɗin wasiƙun ya fi na kayan. Ina ta kuka ina dariya. Kusan shekara biyu muka kwashe.

Abu Nabil, Landan: Mu sasancin muka yi, zama biyar muka gama. Tun ranar farko ake sa hannu cewa idan wani ya garzaya kotu, lauyoyin biyu za su janye, kowa ya nemi sabo. Wannan sharaɗin ya riƙe ni ranar da raina ya ɓaci kan maganar fansho. Masanin lissafi ɗaya muka ɗauka muka raba kuɗinsa, maimakon kowa ya kawo nasa. A ƙarshe yarjejeniyar kawai aka aika wa alƙali ya amince, ba mu taka kotu ba.

Ummu Hanan, Birmingham: Yaya, ki dai yi hattara. Nawa ya wargaje a zama na uku, da na gano ya ɓoye wani gida da ya gina a Kaduna. Lauyata ta janye, na fara daga tushe, biya biyu ke nan. In mutum ba mai bayyana dukiyarsa ba ne, ko yana dukanki, kar ki soma.

Malam na Bradford: Wani lauya Ba'amurke, Stuart Webb, ya fito da tsarin a Minneapolis a 1990, amma mu ba baƙonmu ba ne, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da danginta. Sai dai ki sani, sakin baki da aka furta a nan bai raba aure a dokar Ingila. Tun 6 ga Afrilu 2022 kuma ba sai an ɗora wa kowa laifi ba, amma akwai jiran mako 20, sannan wani mako 6, kafin kotu ta kammala raba auren.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Ummu Hanan, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, shi ma yana da fili a gida. Ta yaya kika gano naki?