Tambaya: wai "peep" leƙe ne ko kukan 'yan tsaki?

Maman Hanifa, Pantami:

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalmar Turanci ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan tunda ba a rasa malamai.

Kiwon kaji na fara a bayan gida, wannan ne zubi na biyu. Na farko a bazara na yi shi, ban san wahalar sanyi ba. Wannan karon kwali biyu na ɗauka, 'yan tsaki ɗari, suka iso daga Jos da sassafe cikin hunturun nan da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Wanda ya kawo mini su ya haɗo da wata 'yar takarda ta Turanci mai bayanin yadda ake rainonsu. Turancina na sakandare ne, ina karantawa ina ganewa daidai gwargwado. Sai na zo kan wani layi da ya ce idan 'yan tsaki suka taru wuri guda suna "peep" sosai, to sanyi suke ji, a ƙara musu ɗumi.

Ni "peep" ɗin da na sani guda ɗaya ne. Muna aji uku, ranar jarrabawa, malamarmu tana zagaye aji hannunta a baya tana cewa "no peeping", wato kar wadda ta leƙa takardar 'yar'uwarta. Da wannan na fassara layin. Na ce to, in na ga suna miƙa wuya suna leƙowa ta saman kwalin da na kewaye su da shi, sai in ƙara gawayi a kasko. Na fita da tocila wajen sau huɗu a daren nan. Ban ga mai leƙe ko ɗaya ba. Sun dai dunƙule a kusurwa, na ɗauka barcin gajiyar hanya ne. Kuka kuwa suna ta yi, siriri mai kaifi, har cikin ɗaki ina jin sa, tsiyau-tsiyau ba hutu. Na ce ƙila ƙishirwa ce, na ƙara musu ruwan gulukos na koma na kwanta.

Da asuba na tsinci bakwai a ƙasan tarin, 'yan'uwansu sun danne su. Ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk daren nan suna faɗa mini abin da ke damunsu, takardar ma ta faɗa mini, ni kuma ina jiran leƙe.

Hanifa ce ta duba a wayata ta ce, "Umma, ai ma'ana biyu gare ta, akwai leƙe akwai kukan ɗan tsako." To tambayata ke nan. Yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki aikin ido da aikin baki? Wanne ne na asali? Ko dai akwai abin da ya haɗa su da ban gani ba?

Tsohon Malamin Turanci, Bauchi:

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar da alheri, ya sa wa sauran albarka. Kar ki zargi kanki da yawa, na shekara talatin da ɗoriya ina koyar da harshen nan kuma na ga manya sun yi tuntuɓe a kan wannan kalmar.

Amsar a taƙaice: ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne da suka fito daga gidaje daban, suka zo suka sa riga iri ɗaya. Shi ya sa manyan ƙamus na Turanci suke rubuta su a wuri biyu, kowacce da lambarta.

Ta kukan tsako ita ce mai sauƙin bin sawu, domin kwaikwayon sauti ce. Bature ya saurari ɗan tsuntsu ya ji kamar yana cewa "piip", ya mayar da shi kalma, kamar yadda ke kika rubuta tsiyau-tsiyau ba tare da wani ya koya miki ba. Tana cikin Turanci tun wajen shekara ta 1400. Kuma ba Turawan Ingila kaɗai suka ji haka ba. A Jamusanci ana cewa "piepen", a Faransanci "pépier", can baya a Latin kuma akwai "pipare" da "pipire", duk kukan ƙananan tsuntsaye. Daga wannan saiwar ta Latin aka sami "pipio", wato ɗan tsuntsu mai tsuwwa, wanda ya bi ta Faransanci ya zama "pigeon", tattabararmu. Har "pipe" daga can take. Da fari sarewa ce, abin busa mai fitar da ƙara irin ta tsuntsu, daga baya aka kira duk wani abu mai rami a tsakiya da sunan. Fayif ɗin da mai aikin famfo yake ja miki zuwa banɗaki, kakansa kukan tsako ne. Duk shekara in na faɗa wa ɗalibai wannan sai aji ya yi tsit, ni ma kuma har yau yana burge ni.

Ta leƙe ta biyo baya kaɗan, a ƙarni na 15. Kafin ita akwai "piken", wadda ta zama "peek" ta yau, ita ma leƙe take nufi, kuma Chaucer, mawaƙin da ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita a kan wani da ya leƙa ta labule. Yawancin masu ƙamus suna ganin "peep" ta leƙe sauyin lafazin wannan ce, harafin ƙarshe ya juya ya yi kama da na farko. A Sukotilan har yanzu suna da "keek" mai ma'ana ɗaya, 'yar'uwar "kijken" ta mutanen Holan, wato kallo.

In kina son ki ga ba Turanci kaɗai ke wannan ba, dubi naki harshen. Rubuta "tsaki". Wanda yaro marar kunya ke ja in an aike shi ne, ko 'yan tsakin da kike kiwo, ko tsakin masarar da ake watsa musu? Rubuta "kuka", na jariri ne ko wadda ake kaɗa miya da ita? Mu karin sauti da tsawon wasali sukan raba mana wasu in an furta, kamar gari na mutane da gari na tuwo. Su kuwa "peep" biyun nan ko a baki iri ɗaya suke, maƙwabtansu a jimla ne kawai ke nuna wace ce. In kin ga "at" ko "through" ko "into" sun biyo ta, ido ne. In kin ga maganar ƙarfi ko ji ko tsuntsu a kusa, kunne ne.

Anti Nas, Kaltungo:

Sannu Maman Hanifa, Allah ya kiyaye gaba. Baba Malam, mun gode, na ƙaru.

Ni ma ta taɓa ruɗa ni, amma a coci. A tsohuwar fassarar Turanci ta Littafi Mai Tsarki, ta Sarki Jems ta 1611, Ishaya 8:19 tana maganar bokaye "that peep, and that mutter". Tun ina yarinya na ɗauka bokaye ne masu leƙen mutane ta kafar ƙofa. Sai da na girma wani dattijo ya nuna mini cewa ƙara ake nufi, irin siririyar muryar nan da masu duba suke maƙalewa su yi kamar ba daga bakinsu take fitowa ba. Ashe ta kukan tsuntsu ce.

A asibiti ma, da muna makarantar koyon jinya, in matiron ta zo ɗakin kwana da dare takan ce ba ta son jin "a peep" daga bakin kowa. Wannan daidai yake da namu na "kar wanda ya ce uffan", ko "ko kanzil".

Ɗalibin Shari'a, Jekadafari:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in ƙara abu ɗaya ta ɓangaren leƙen, don yawancinmu a "Peeping Tom" muka fara jin kalmar.

Labarin na garin Kobentiri ne a Ingila. Akwai wata mata, Godiba, matar Liyofirik mai mulkin yankin Masiya, wanda ya rasu a 1057. Su biyun mutanen gaske ne, suna cikin tarihi. Almarar da aka ɗora musu ita ce ta dame shi da roƙon ya rage wa talakawa haraji, shi kuma don ya rufe mata baki ya ce zai rage in ta hau doki ta ratsa kasuwa ba sutura. Ta yi, dogon gashinta ya lulluɓe ta. A ƙarni na 13 aka fara rubuta wannan, kuma babu wani Tom a ciki. Sai bayan ɗaruruwan shekaru aka ƙara cewa mutanen gari duk sun shige gida sun rufe tagogi don kare mutuncinta, in ban da wani tela da ya leƙa, ya makance. Daga nan sunansa ya zama laƙabin duk mai leƙen matan mutane.

Abin da ya ja hankalina shi ne "peep" ba kallo ba ne kawai. Kallo ne na sata, ta ƙaramar kafa, na ɗan lokaci, mai yi ba ya so a gan shi. Leƙenmu ya fi shi faɗi, don muna cewa "zan leƙa in gaida Goggo" ba wani laifi a ciki, muna kuma da leƙen asiri. Amma munin wancan leƙen mun san shi tun kafin mu ji labarin Tom. Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama, kuma a hadisin Bukhari da Muslim an ce saboda ido aka sanya neman izini. Dubi zauren gidajen cikin gari, ƙofar waje ba ta fuskantar ta ciki, don kar wanda ya tsaya a bakin titi ya hango tsakar gida.

Mai Ƙyanƙyasa, Kumo:

Malam, a gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ban yarda gaba ɗaya cewa babu abin da ya haɗa su ba. Shekarata tara da injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Wajen kwana na 19 zuwa 20, ka ɗauki ƙwai ka kara a kunne, za ka ji tsakon yana kuka a ciki, ɓawon ko tsagewa bai yi ba. Ya riga ya fasa 'yar jakar iskar da ke ɓangaren mai faɗi, ya fara numfashi. Bayan nan sai ya huda ɓawon, ka ga ɗan baki ya leƙo ta wata kafa kamar ƙwayar gero. Kuka da leƙe, halitta ɗaya, yini ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban kaza mai kwanci zai iya kiran abin biyu da suna ɗaya.

Hajiya, shawara ta kan sana'a. Makon farko ɗumin wurinsu ya kai digiri 32 zuwa 35, ki riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. In ba ki da ma'auni, su ne ma'aunin. Sun cure jikin kasko suna kuka mai kaifi, sanyi. Sun gudu gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. Sun bazu suna tsattsaga suna 'yar tsuwwa ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Ki kewaye su da'ira, kar ki bar kusurwa, a nan suke danne juna. Kuma ki bar kafar iska saboda hayaƙin gawayi.

Tsohon Malamin Turanci, Bauchi:

Malam na Kumo, ba ka yi kuskure da nisa ba. Tun ƙarni na 16 Turawa suna cewa "peep of day", wato ketowar alfijir, suna kuma faɗin kalmar a kan tsiro in ya fara huda ƙasa, kamar yadda muke cewa rana ta leƙo, ko "ta leƙo ta koma" in sa'a ta kusanto ta kuɓuce. Akwai masanan da suka kawo irin hujjarka, cewa fitowar tsako da kukansa sun taimaka wa wannan ma'ana. Ni dai ina nan kan cewa saiwarsu biyu, amma da suka zauna cikin riga ɗaya shekara ɗari biyar, dole ƙamshin ɗaya ya kama ɗaya.

Maman Hanifa, Pantami:

Baba Malam, Anti, ƙanena na Jekadafari, Malam na Kumo, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Hanifa duka, ta kwafe maganar tattabara da fayif a bayan littafinta.

Jiya da la'asar na yanke kwalin na lanƙwasa shi da'ira, na ƙara kasko na biyu, na ɗaga buhun da na toshe taga da shi kamar faɗin tafin hannu. Da dare ban fita da tocila ba sai da na fara tsayawa a bakin ƙofa na kasa kunne. Kukan ya sauya, ya koma ƙasa-ƙasa, wani ya yi wani ya amsa. Casa'in da ukun suna nan, yau ma sun cinye abincin safe tas.

Kazar maƙwabciyata tana kwanci, ranar Laraba take cika kwana 19. Ta ce mu zo ni da Hanifa bayan sallar isha'i, in unguwa ta yi shiru, mu kara ƙwai ɗaya a kunne.