"Gani ya kori ji": har a kan magani?

Maman Ummi, Tudun Wada: Assalamu alaikum. A Kwangila na ji mai maganin nan na mota yana shela da lasifika, wai jarka ɗaya tana maganin basir, shawara, sanyi da ciwon suga. Yana ɗaga hotunan waɗanda suka warke, yana nanata "gani ya kori ji". Nan ne muhallin karin maganar kuwa? Mahaifiyata mai suga ce, ta matsa a sayo mata.

Ɗan Sabon Gari: Muhallinta ne mana, Hajiya. Maƙwabcina ya sha irin jiƙon nan, kwana kaɗan zazzaɓi ya sauka. Da idona na gani.

Malam Babba, Ƙofar Doka: A hankali, ɗana. Magabata sun yi maganar ne a kan abin da ido zai iya yanke wa hukunci: an ce gonar wane ta yi kyau, ka je ka duba. Kai abu biyu ka gani, ya sha, ya warke. Amma cewa jiƙon ne ya warkar da shi, a bakin mai magani ka ji. Ka tuna 'yar'uwarta: faɗuwa ta zo daidai da zama. Mura ma kan tafi da kanta, duk abin da ka sha a ranar ƙarshe shi zai kwashe yabon.

Anti Nas, Samaru: Allah ya ƙara girma, Baba. Ku tuna wankan gishiri na 2014, lokacin Ebola. An tashi mutane da tsakar dare, aka yi wanka, wasu suka sha. Duk wanda ya yi ya "ga" bai kamu ba. To wanda bai yi ba ma bai kamu ba, don a Legas da Fatakwal cutar ta tsaya. Gishirin ne ma ya kwantar da mutane a asibiti, har da asarar rai. Shi ya sa masu bincike ke raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a bar wasu a kan kulawar da aka saba, sannan a ƙirga. Haka aka yi a Ingila a 2020 da dubban masu korona. Hydroxychloroquine da ake ta yayatawa bai rage mutuwa ba. Dexamethasone, tsohon magani mai araha, ya rage ta da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Wannan ganin ne ke korar ji.

Ɗan Sabon Gari: Wato namu na gargajiya ƙarya ne, na Turawa gaskiya? Su ne fa suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yaran Kano lokacin sanƙarau na 1996, yara 11 suka rasu.

Anti Nas, Samaru: Ban ce haka ba, ƙanena, kuma abin Kano ya isa ya sa a riƙa tambayar kowane kamfani. Ma'aunin dai ɗaya ne ga kowa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi, 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta karɓi lambar Nobel a kansa a 2015. Sai da aka gwada, aka san adadin sha, kafin a yarda.

Maman Ummi, Tudun Wada: Amma jarkar tana da lambar NAFDAC.

Anti Nas, Samaru: Duba takardar da kyau. Yawancin na gargajiya da aka yi wa rajista akwai rubutu a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba, abin da ta duba shi ne ko yana cutarwa. Don Allah kada Mama ta ajiye ƙwayoyinta. A auna sugarta, a kuma tafi da jarkar ranar ganin likita.

Malam Babba, Ƙofar Doka: A kuma tambayi mai motar: waɗanda suka sha ba su warke ba, ina hotunansu?