Jama'a, me za mu kira jiyometiri da Hausa?

Tun jiya abin nan yake cina. Ɗana ya kawo aikin gida, ya ce Baba mene ne jiyometiri da Hausa, na buɗe baki na rasa abin cewa.

Sai na tuna China ma sun taɓa shiga wannan halin. Matteo Ricci, limamin Katolika ɗan Italiya na ɗarikar Jesuit, ya shiga China a 1583, ya samu zama a Beijing a 1601. Can shi da wani malami ɗan Shanghai, Xu Guangqi, suka zauna Ricci yana fassarawa da baki daga Latin shi kuma Xu yana rubutawa, a 1607 suka fitar da kashi 6 na farko na littafin jiyometiri na Euclid, wani masanin lissafi Bagirke na zamanin da. Sauran sai wajen 1857 aka fassara, shekara 250 kenan fa.

To sunan da suka sa shi ne ya burge ni, Jihe yuanben. Jihe ɗin nan kalma ce da suke da ita tun da, ma'anarta "nawa", kamar ka ce nawa ne tsawonsa, nawa ne girmansa. Ba su je neman wata kalma mai nauyi ba, kuma har yau da ita ɗalibansu suke karatu. Kuma kada wani ya ɗauka ba su da ilimin kafin zuwan Turawa, lissafin alwatika mai kusurwa a miƙe da ake jingina wa masanin nan Bagirke Pythagoras sun daɗe da shi, gougu suke ce masa, wani masanin lissafinsu Liu Hui ya yi sharhinsa tun shekara ta 263. Abin da Euclid ya kawo musu sabo shi ne tsarin kafa hujja mataki-mataki.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce awon ƙasa tunda asalin kalmar Girkanci kenan. Gaskiya ban yarda ba, duk Bahaushen da ya ji awon ƙasa ma'aikatan safiyo zai tuna da rikicin fili. Wani malaminmu kuma ya kawo handasa ta Larabci, tana da kyau, amma Larabawan kansu da ita suke kiran aikin injiniya, za a rikice.

Ni dai na tsaya a kan lissafin siffofi. Muna da ɗigo, layi, kusurwa, da'ira, murabba'i, alwatika, duk siffofi ne kuma lissafinsu ake yi. Na gwada a kan yaron, nan take ya ce au, irin su da'ira kenan?

Malaman lissafi na firamare, ku kuke tsayawa gaban allo kullum, in kun faɗa wa yara haka zai zauna?