Gyaran esi a jirgin sojin ruwa: in karɓa ko in haƙura?

Mai Firjin Kurna: Salam jama'a. Shekarata 9 ina gyaran esi da firji a Kano. Wani ɗan kwangila ya kira ni Legas, za a sabunta na'urorin sanyi, ɗakin ajiyar nama da bututun iska na wani jirgin sojin ruwa. Wata uku, ₦15,000 a rana, wurin kwana a kaina. In rufe shago in tafi?

Ɗan Lele: Ka iya iyo dai ko? Kar ka ɗauka dam ɗin Tiga ne.

Tsohon Apapa: Ƙanena, na yi, kuma ban ji da daɗi ba. Esin jirgi ba irin na gida ba ne. Ruwa ake sanyayawa a zagaya da shi ɗakuna, kwandansa kuma, wato inda gas ke sakin zafi, ruwan teku ke sanyaya ta. Ranar da muka kwance murfinta, laka da ƙananan dodon koɗi muka tarar sun toshe bututu, ga wari kamar mushe. Ɗaya bayan ɗaya muka bi su da buroshi, a durƙushe, gumi har cikin takalmi. Walda kuwa ba ka kunna wuta sai an sa hannu a takarda, an tsayar maka da mutum riƙe da tukunyar kashe gobara. Rabin yini ya tafi a jira, ogan kwangila ya ce ba ya biyan zama. Sati biyar ya riƙe min, kullum "sai an sako daga sama". Na dawo yarana sun watse, kwastomomi sun koma wajen maƙwabci. Allah ya isa.

Injiniya Bichi: ₦15,000 wasa ne, ƙasa da 25,000 kar ka motsa. Kuma ka tambayi wutar jirgin. Jiragen sojin ruwa NNS Thunder da Okpabana daga Amurka aka karɓo su, bugun wutar irinsu 60Hz ne, ba 50Hz irin tamu ba.

Gwanin Kwamfiresa: Wa ke ba da 25? Ni 10,000 aka ba ni a Fatakwal har da abinci, na gode wa Allah.

Tsohon Apapa: Injiniya, ka taɓa taka jirgi kuwa, ko a waya ka karanto?

Injiniya Bichi: Baba, da girmanka. Cutar da aka yi maka ba ta mai da kai malami ba. Ka rubuta yarjejeniya kafin ka fara?

Mai Firjin Kurna: Don Allah batun shagon fa? Kuma in nemi kafin alƙalami nawa?

Gwanin Kwamfiresa: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya gas ɗin bogi ne. Silindar gas ɗin sanyi na R22 an rubuta kilo 13.6, na ɗora a sikeli ko goma bai cika ba, ya kuma ƙona min kwamfiresar mutane.

Ɗan Lele: A ina ka saya? Ni ma an yi min a watan jiya, mai kayan ya rantse wai rana ce ta shanye shi.