Ta yaya ƴan wasa za su gane cewa abokin tafiyarsu ya kusa suma?

Laminu (Tawa):
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina neman shawararku kan wasan rubutu da muke ginawa ni da abokaina biyu, wanda na taɓa ba ku labarinsa: ayarin fatake da ke tashi daga Tawa ya bi ta Agadas har Bilma ɗauko gishiri, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda, kome kuma a rubuce yake, babu hoto. Da Evennia muka gina shi, manhajar gina irin waɗannan wasanni da ke aiki da harshen kwamfuta na Python. A tsarinmu jarumi yana iya suma ba tare da ya mutu ba, ko saboda duka, ko ƙishirwa, ko zafin rana. Mai jarumin yana ganin makinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin da ya rage masa, a allonsa, amma sauran ba su ganin kome sai lokacin da aka rubuto musu cewa wane ya yanke jiki ya faɗi. A gwajin daren Asabar madugu ya suma a tsakiyar Tenere, alhali mutum uku na tsaye kusa da shi da salka cike da ruwa, ba wanda ya san yana bukata. Me za mu nuna wa na kusa da shi, kuma a wane lokaci?

Isufu (Yamai):
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina abin bai kai a wahalar da kai ba. Ku sa lambar kusa da sunan kowa, misali madugu 12 cikin 40, kowa ya gani ya san abin da zai yi.

Malam Sani (Yamai):
Isufu, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, amma ba ita zan ba Laminu shawarar ya bi ba. Wannan tambaya tsohuwa ce, kusan sa'ar wasannin kansu, domin tun 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD na farko, wato wasan rubutu da mutane da yawa ke yi tare ta kwamfuta, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle kuma ya ci gaba da shi. Amsar da ta fi yaɗuwa ta fito ne daga dangin DikuMUD, wanda ɗalibai suka rubuta a Jami'ar Kofanhagan ta Danmak. A CircleMUD na Jeremy Elson, wanda daga Diku ya samo asali, idan ka dubi wani ba a ba ka lamba. Ana lissafa kashi nawa cikin ɗari na makin ransa ya rage, sai a zaɓo maka jimla ɗaya daga matakai takwas, waɗanda iyakokinsu su ne 100, 90, 75, 50, 30, 15, sifili, da kuma ƙasa da sifili. A sama ana ce maka lafiyarsa lau, a 90 ƴan ƙujewa ne kawai a jikinsa, a ƙasa kuma jini na kwarara daga manyan raunuka. Idan makin ya kai sifili jarumi ya gigice, a 3 ƙasa da sifili ba ya iya taɓuka kome, a 6 raunin ajali ne, a 11 ya mutu.

Abin da ya sa na fi son jimla a kan lamba shi ne, da zarar ƴan wasa sun ga 12 cikin 40 sun daina kallon madugu, lissafi suka koma yi. Babu wanda zai rubuta cewa ya tallabe shi ya zaunar da shi a inuwar raƙumi, sai dai ya jira lambar ta sauko 5 sannan ya miƙa ruwa. To amma fa Laminu, kada ka kwafi matakan nan takwas yadda suke, domin raunin jiki suke bayyanawa. Wanda ƙishirwa ta kusa kayar da shi ba shi da ko ƙwarzane, saboda haka jimlar za ta ce lafiyarsa lau har ya faɗi.

Laminu (Tawa):
Malam, wannan shi ne ainihin abin da ya faru da madugun namu. Jikinsa babu rauni ko ɗaya.

Mahamadu (Tawa):
To ku raba ma'aunin biyu: makin rai daban, makin hayyaci daban. Ba sabon abu ba ne. Wasan Shadowrun, wanda ake yi a kan tebur, tun fitowarsa a 1989, yana da layi guda na raunin jiki da wani layin na gigicewa. Wasan tebur na Dungeons & Dragons kuma a bugun 3.5 na 2003 ya bi wata hanya da ni ta fi burge ni: dukan da ba na kisa ba ba a cire shi daga makin rai, ana tara shi ne a gefe. Idan abin da aka tara ya yi daidai da makin ran da ya rage, jarumi yana tangaɗi, abu ɗaya kawai yake iya yi a zagaye. Idan ya zarce, ya suma. Amfanin wannan shi ne mai rauni ya fi saurin suma ba tare da ka rubuta wata doka ta musamman ba, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce ainihin kusancinsa da suma. Wannan tazarar za ka mayar jimla. Bugu na huɗu na 2008 ya ƙara wani abu mai sauƙi, wato ana sanar da kowa idan makin rai ya sauko rabi, amma mataki ɗaya ya yi kaɗan ga abin da kake so.

Akwai kuma tarko a lissafin kashi cikin ɗari. Yaron ayari mai maki 40 da tsohon mayaƙi mai maki 400, idan kowannensu ya rage da kashi 30, na farko yana da 12, na biyu yana da 120. Dukan maki 15 zai kwantar da yaron, mayaƙin kuwa sai an yi masa takwas. Jimla ɗaya za a nuna a kansu, alhali ɗaya yana bakin rami, ɗayan yana nesa. Shawarata ita ce ka ɗauki matsakaicin abin da jarumi ya rasa a zagaye uku na baya, ka raba abin da ya rage masa da shi, sai ka san zagaye nawa zai iya ƙara tsayuwa. A kan wannan za ka ɗora mataki na ƙarshe.

Hajiya Rabi (Yamai):
Ni ba na rubuta manhaja, wasan kawai nake yi idan na tashi daga aiki, amma shekaruna da yawa ina jinya a asibiti, kuma duk lokacin zafi, a watannin Afrilu da Mayu, ba mu rabuwa da waɗanda suka yanke jiki. Laminu ɗana, abu na farko shi ne ka bambanta abin da mutum yake ji da abin da ake gani a jikinsa. Jiri, da duhu-duhun gani, da ƙara a kunne, da tashin zuciya, shi kaɗai ya san da su, saboda haka a allonsa kaɗai ya kamata su fito. Na gefe kuwa abin da suke gani shi ne gumi mai sanyi yana keto masa, yana yawan hamma, yana neman abin dafawa, ana yi masa magana sai an maimaita, amsarsa tana zuwa a makare.

Ina roƙonku kada ku rubuta cewa fuskarsa ta yi fari fat, kamar yadda wasannin Turawa suke yi. A fatarmu ba a nan ake dubawa ba. Mu leɓe muke kallo, da tafin hannu, da cikin fatar ido ta ƙasa idan an ja ta. Wannan ma ya ba ka dalili mai kyau na bambanta ƴan wasa: kowa yana iya ganin mutum yana layi daga nesa, amma sai mai maganin ayari da ya matso ya ja fatar idon zai ga ta koɗe.

Idan kana son tsani da za ka jera matakanka a kai, ga wanda muke aiki da shi. Ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974, abu uku yake dubawa: buɗe ido, magana, da motsi. Yadda ake amfani da shi yau, ido yana da maki 4, magana 5, motsi 6, jimla daga 3 zuwa 15, kuma 8 ko ƙasa da haka hali ne mai tsanani. Ba cewa nake ka sa lambobin a wasa ba. Ka ɗauki abubuwan ukun, ka tabbata kowace jimla ta taɓa ɗaya daga cikinsu. Sannan suman zafi ko na tsayuwa ba ya daɗewa, yawanci mutum yana farfaɗowa cikin minti ɗaya idan an kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa, ba kamar na bugun kai ba. Kuma don Allah kada wasan ya bari a ɗura wa sumamme ruwa a baki, domin a zahiri shaƙe shi zai yi, ba na son yara su koyi haka daga wurinku. A ba shi ruwa tun yana iya riƙe ƙwarya, bayan ya faɗi sai dai a yayyafa masa.

Lawali (Tawa):
Hajiya ta gama magana kan ƙishirwa da rana. Ta fannin duka kuwa, Laminu, ka je ka zauna a filin dambe da takarda. Ƴan kallo ba su da allo, amma suna sanin wanda za a kashe kafin ya taɓa ƙasa: hannun garkuwa ya fara sauka, ƙafa ta daina bin kiɗa, yana kai mashi inda abokin karawa ba ya nan, yana yawan rungumar abokin don ya huta. Haka ma a kokowa, mu da aka fara gasar takobin ƙasa a garinmu a 1975 bai kamata mu je aron kalmomi wani wuri ba. Hausa tana da su: haki, layi, tangaɗi, ido ya raina fata, ya fita hayyacinsa.

Sai dai ina da ƙorafi guda. Jarumi na gaske yana ɓoye halinsa, kamar yadda ɗan sharo yake murmushi bulala na sauka. Idan wasan zai tona asirin kowa, ina amfanin jarunta? Ku sa umarnin "daure", wanda zai sa na gefe su ga matakin da ke sama da na gaskiya.

Malam Sani (Yamai):
Na yarda da "daure", Lawali, da sharaɗi biyu: ya riƙa cin makin hayyaci kaɗan a kowane zagaye, kuma kada ya yi aiki a mataki na ƙarshe. Idan ba haka ba kowa zai kunna shi ya bar shi, mu koma inda Laminu ya fara.

Zainabu (Yamai):
Ina da abu biyu daga ɓangaren mai karantawa. Yayana makaho ne, da manhajar da ke karanta allo da murya yake wasa, kuma wasannin rubutu suna cikin kaɗan da yake iya yi kafaɗa da kafaɗa da kowa. Idan kuka mayar da sunan jarumi ja ko rawaya kawai, shi bai ga kome ba. Launi ya zama ƙari, kalma ita ce tushe. Haka nan sandar nuna maki da ake zanawa da alamomin rubutu, muryar tana karanto masa su ɗaya bayan ɗaya har faɗan ya wuce shi.

Na biyu, kada a riƙa turo sanarwa kowane zagaye. A turo sau ɗaya lokacin da jarumi ya sauka wani mataki, sauran lokaci kuma sai wanda ya rubuta "duba madugu" ya gani. Na taɓa yin wani wasa da makin mutum ke hawa da sauka a daidai iyaka, allon ya cika da yana tangaɗi, ya daina tangaɗi, yana tangaɗi, har na daina karantawa, ranar da ya faɗi da gaske ban lura ba.

Mahamadu (Tawa):
Maganin wannan sauƙi ne da shi, Zainabu. Idan ana sauka mataki a kashi 30, kada a koma sama sai an kai 35. Layi biyu ne a Python.

Isufu (Yamai):
Na ji hujjojinku, amma har yanzu ina cewa wanda ke riƙe da mai maganin ayari yana bukatar abin da ya fi jimla, domin shi zai yanke shawarar wa zai fara ba ruwa idan mutum biyu suna layi kuma salka guda ta rage.

Hajiya Rabi (Yamai):
Isufu, mu ma a bakin aiki ba lamba ce rubuce a goshin mara lafiya ba. Ka ba mai maganin damar kwatanta mutum biyu, wasan ya ce masa wane ya fi wane jigata. Wannan ya ishe shi ya zaɓa.

Laminu (Tawa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da abokaina yau da la'asar, mun tsayar da matakai huɗu na hayyaci daban da na rauni. Ga na ƙishirwa yadda na gefe za su gani: yana lasar leɓe yana yawan kallon salka, sai gumi ya jiƙe masa rawani yana hamma, sai yana layi yana dafa raƙumi kuma sai an kira shi sau biyu, na ƙarshe kuma gwiwoyinsa suna lanƙwashewa maganarsa ba ta fita. Mataki na ƙarshe zai bi lissafin Mahamadu, ya fito idan zagaye biyu suka rage kafin faɗuwa, "daure" zai shiga da sharuɗɗan Malam, mai magani kuma zai sami "kwatanta". Yaya Lawali, matakan wanda ya sha duka suna hannunka, ina jiran jimla huɗu kafin Alhamis. Zainabu, idan yayanki zai samu lokaci ranar Asabar bayan isha'i, muna so ya riƙe madugun a gwaji na gaba, mu ji ko jimlolin ba su yi wa muryar tsawo ba.